Rigar Sanyi

Ranar Laraba, takwas da kwata,
gajimare na zaune kan duwatsun Naraguta kamar mai bin bashi,
na shiga aji da tsohon littafin waƙoƙin Turawa
wanda aka ɗinke bangonsa da zaren buhu.

Na karanta musu mazan da suka shekara ɗari biyu a kabari
amma bakinsu bai mutu ba.
Wannan ya ce, ke tawa ce.
Wancan ya ce, tawa ce har numfashinta.
Na ukun bai tsaya faɗa ba, hannunsa ne ya yi magana,
sannan ya wanke shi, ya ɗauki alƙalami,
amsa-amo bai kuskure masa ko sau ɗaya ba.

Na rubuta a allo: jigo, salo, siffantawa.
Alli ya karye.

Kachollom ce ta ɗaga hannu daga bencin baya,
yarinyar da ke zuwa da ƙanshin albasa
don sai ta taya uwarta kasa kaya a Farin Gada kafin ta taho.
Ta ce, Malama, ita matar fa?
Shafi uku yana zuba, ita ko tari ba ta yi ba.
Ko sunanta ba mu ji ba.

Na ce, wannan ba ya cikin manhaja.
Na ja hannun rigar sanyina har ya rufe agogo.

Jos gari ne mai rufin asiri.
Ba mai tambayarki don me kika sa suwaita,
don me gyale ya hau har haɓa.
Ki ce sanyi. Kowa ya yarda da sanyi.

Shi ma Tanimu da waƙa ya fara.
A bakin tafkin kuza na Rayfield ya ce
idona ya fi ruwan nan zurfi.
Na yi dariya, na rufe fuska.
Ban tuna ba cewa haƙa ramin aka yi,
aka kwashe abin da ke cikinsa aka kai Ingila,
aka bar ruwa kore, shiru,
mai haɗiye mutum ba tare da ya motsa ba.

Yanzu shi ke riƙe da lambar sirrin wayata.
Ya san minti nawa Keke ke yi daga makaranta zuwa Tudun Wada,
in na ƙara biyar sai na kawo shaida.
Ran Asabar mai tumatir ya yi min gyara a gabansa,
guda uku, ɗaya ma ya fara ruɓa.
Da dare na biya kuɗinsu,
maƙwabta suka ƙara sautin rediyo.
Da asuba ya dafa min shayi da hannunsa, har da citta,
ya durƙusa, ya ce, kin ga abin da sonki ke sa ni?

Kishi kumallon mata, in ji mutanen da.
To na maza fa,
wa ya raɗa masa suna?

Jarrabawa ta zo. Tambaya ta biyar:
bayyana yadda mawaƙin ya nuna zurfin ƙaunarsa.
Yara sun cika shafi da abin da na koya musu,
kalma bayan kalma, kamar masu mayar da aro.
Kachollom layi biyu ta yi:
Mai akuya ma tawa yake cewa, yana shafa bayanta,
har ranar da zai wasa wuƙa.

Takardar maki ta ce sifiri.
Na riƙe jan biro har aka kira isha'i,
har ya leƙo ya tambayi wa nake tunani.

Na ba ta sifirin. Haka doka ta ce.
Na yage kusurwar takardar, na ninke,
na sa a aljihun da yake mantawa bai duba ba.

Gobe ma Laraba ce.
Shaidar karatuna na ƙarƙashin takardun yara a jaka,
da kati, da dubu tara.
Motar farko tana barin tashar Bauchi ƙarfe shida.
Yayata ta ce can zafi ake yi,
kada in wahalar da kaina ɗauko rigar sanyi.